Alkasim da 'Yan Lafiya Lau

A cikin Hausawan Setapak, unguwar da muke zaune a Kuala Lumpur, babu wanda ake gudun gaisarwa kamar Alkasim. In ka ce masa ina kwana, ba zai ce lafiya ba sai in lafiyar ce. Zai iya ce maka haƙori ya hana shi barci, ko maƙwabcinsa ya kwana yana kiɗa, sannan ya tsaya yana kallonka kamar kai ka jawo masa. Tun ana dariya har aka daina. Wasu in sun hango shi a tashar bas sai su ƙura wa waya ido har ya wuce.

Dogo ne, siriri, rana da gishirin teku sun busar masa da leɓe. Mutumin Yawuri ne, ɗan masunci, ya iya ruwa tun kafin ya iya karatu. Karatun kwamfuta ya kawo shi Malesiya, wani kawunsa ne ya biya masa shekarar farko, mahaifinsa ya ɗauki sauran. Dakta Al-Amin, wanda shi ne babba a cikinmu kuma duk rigimar 'yan Najeriya gabansa ake kai ta, shi ya ba mu labarin yadda karatun ya tsaya. Tsohon ya kwanta ciwo ya daɗe. Kullum Alkasim ya kira gida sai a ce masa da sauƙi, tsohon ma da bakinsa yakan ce da sauƙi. Ran da aka gaya masa gaskiya har an dawo daga maƙabarta. Daga nan ya bar kwaleji, ya kama wankin rigunan nutso a wani ƙaramin shago da ke tsakanin mai gyaran waya da gidan wanki, har ya kai ga zama mai koyar da nutso.

Mai shagon wata 'yar China ce, Madam Chong. Ita ta tsaya masa ya samu takardar izinin aiki, kuma ba ta ɓoye dalili ba: tana son ɗaliban Afirka, shi kuma yana jin yarensu. In babu ɗaliban babu aiki, in babu aiki babu zama a ƙasar. Kowa ya san haka, shi ma ya sani. Sai dai ban taɓa ganin mutumin da ke wulaƙanta hanyar abincinsa kamar shi ba.

Mun san shi ne ta dalilin Najib, yayan Surayya, wadda muke ɗaki ɗaya da ita. Najib mai jama'a ne, in ya ce a tafi sai a tafi. Shi ya kai mu tsibirin Redang a hutun da ya wuce muka yi koyon nutso na farko, sai kuma ya ga wani bidiyo ya kasa zama. Irin nutson nan ne da suke kira drift. Jirgi ya sauke ku a wuri guda, ku nutse, ku saki jiki gudun ruwa ya tafi da ku ta gefen duwatsun murjani ba tare da kun wahala ba. Mai jirgi yana bin kumfar numfashinku daga sama. In kun gama sai a tura wani dogon balan-balan ja ya fito saman ruwa, ya gan ku ya zo ya kwashe ku. Daɗinsa ke nan, haɗarinsa kuma shi ne ba a komawa baya. Wanda ya rabu da jama'a ya rabu.

Mu shida muka je shagon, har da Khaulah, yarinyar da Najib yake nema. Alkasim yana durƙushe yana ɗaure tukwanen iska, bai ɗago ba.

"Malam, mu fa ba sababbi ba ne," in ji Najib. "Duk muna da katin shaidar nutso na farko. So muke ka kai mu tsibirin Tenggol, inda ruwa ke gudu sosai."

"Bayan katin sau nawa ka shiga teku?"

"Ya dai isa."

"Ya dai isa ba amsa ba ce, Alhaji ƙarami. Tenggol tana nan, ba inda za ta. Ku ne in na kai ku yanzu sai iyayenku sun je Vietnam ɗauko ku."

Madam ta leƙo daga bayan kanta tana cewa boleh, boleh, za a iya, tana harararsa. Shi kuma ya ce za a iya ɗin, amma sai an fara da tafkin wanka, kuma shi zai zaɓi inda za a je. Najib ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce ba komai.

A wani gidan bene a Cheras muke yin horon, ranar Asabar da safe. Babu gudun ruwa a tafkin wanka, don haka yakan ɗaura igiya ya riƙa jan mu daga wannan bango zuwa wancan, ya ce kada wanda ya motsa ƙafa. Ya koya mana tsayawa tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, da numfashi kawai. Ya koya mana hura balan-balan ɗin ba tare da zarensa ya naɗe hannu ya ja mutum sama ba. Ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Amma bai taɓa ce wa kowa sannu ba. In ka yi daidai sai ya kau da kai, in ka yi kuskure sai kowa ya ji.

Babban faɗansa a kan alamar hannu ne. A ƙarƙashin ruwa ba magana. In an tambaye ka, ka haɗa babban yatsa da manuni, wato komai daidai. In akwai matsala ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi. In iskarka ta yi ƙasa ka dunƙule hannu ka ɗora a ƙirji. Abu ne da yaro ma zai iya. Amma wata Asabar ruwa ya cika gilashin fuskar Khaulah, idonta ya yi ja, da ya tambaye ta sai ta haɗa yatsu. Nan take ya fito da mu gaba ɗaya.

"Hajiya, gidan surukai kika je gaisuwa?"

"Ba wani abu ba ne, Malam, zan iya jurewa."

"Wa ya ce ki jure? Balarabe in takalmi ya matse shi sai duk teku ta sani. Ku kuwa ko kifi na cin ƙafarku lafiya lau za ku ce. 'Yan lafiya lau kawai."

"Kai Malam, yi mata magana a hankali," in ji Najib. "Ba 'yar aikin gidanku ba ce."

"Gidanmu ba 'yar aiki, Alhaji ƙarami. Koma ruwa."

Daga ranar sunan ya bi mu. In mun shigo shago sai ya ce wa Madam ga 'yan lafiya lau nan sun iso. Mu kuma a bayan idonsa Tarwaɗa muke ce masa.

Wajen zaɓen wuri ma sai da aka yi rigima. Ya ce tsibirin Tioman za mu, domin mai koyo wuri uku yake nema a haɗe: ruwa mai gudu kaɗan, ƙasa mai yashi wadda ba ta da zurfi, da mai jirgin da ba ya danna waya. Ya ce akwai wuraren da suka fi kyau a hoto, amma a wasunsu ruwan ba gefe kawai yake ja ba, har ƙasa yake ja. Rana kuma ba kalandar bango yake dubawa ba, wata yake dubawa. In wata ya cika, ko ya ɓace, ya ce ruwa yakan yi hauka, don haka sai lokacin da yake rabi. Najib ya so a je a makon zagayowar ranar haihuwar Khaulah. Alkasim ya ce teku ba ta san ta ba.

Muka bi bas zuwa Mersing, muka shiga jirgin fito zuwa tsibirin. Tsarinsa shi ne ranar farko gwaji a kusa da gaɓa, inda ruwa ke tafiya a hankali, wanda ya yi daidai washegari a fita da shi can waje. Kowa da abokin nutsonsa, wanda ba ya rabuwa da shi. Najib ya ɗauki ƙanwarsa Surayya.

Da farko abin ya yi daɗi. Ruwan garau, muna shawagi a kan murjani kamar ana tura mu a keken jarirai. Sai wani kunkurun teku ya wuce ta bayanmu. Najib yana da kyamara a hannu, ya juya ya bi shi, yana dukan ruwa da ƙafa, yana kokawa da gudun da aka ce kada a yi kokawa da shi. Kumfa tana fita daga bakinsa kamar tukunya na tafasa. Da ya dawo cikinmu Alkasim ya tambaye shi iska. Najib ya haɗa yatsu. Ya sake tambaya, ya sake haɗa yatsu, har da ɗaga wa Khaulah hannu. Alkasim ya matsa ya fizgo agogon iskar da ke rataye a gefen Najib ya duba. Ina kusa da su, na ga allurar ta shige cikin ja sosai.

Bai ɓata lokaci ba. Ya cusa masa bututun numfashinsa na biyu a baki, ya riƙe shi a kafaɗa, ya nuna mana sama, ya tura balan-balan. Muka hau a hankali kamar yadda aka koya mana, muka ɗan dakata kafin mu fito. Ba wanda ya ji ciwo.

A cikin jirgi ya bari kowa ya cire kaya, sannan ya ɗaga agogon.

"Ka ga allurar nan ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"Ka gani ka ce mini daidai?"

"Na san zai kai ni. Ba na son in katse wa mutane jin daɗi, ga yara a gabana. Sai in tsaya ina buga ƙirji kamar wani mai asma?"

"Maƙaryaci."

Mai tuƙin jirgin, wani dattijo Bamalaye, bai ji Hausa ba amma ya rage ƙarar inji.

"Me ka ce?"

"Na ce maƙaryaci. Dubi ƙanwarka. Ita ce kusa da kai. Ka san abin da mutum yake yi in ya ja numfashi ya ji babu? Ba ya tuna uwa ɗaya uba ɗaya. Bututun da ke bakinta za ka fizge. Sai ka koma Kano ka ce wa Hajiyarku ba ka son katse wa mutane jin daɗi."

Surayya ta fashe da kuka. "Malam, ka bar Yayana haka, don Allah. Ai ya ji."

"Bai ji ba. Gobe ba ya shiga ruwana."

"Ruwan ubanka ne?" in ji Najib, ya miƙe har jirgin ya karkata.

Na ɗauka za a yi dambe. Alkasim ya dube shi ya ce, "Ubana kwalekwale gare shi, ba shi da ruwa." Ya juya ya ci gaba da kwance tukwane.

Washegari ya ce sauran mu biyar za mu iya fita, ya ga abin da yake son gani. Ba wanda ya motsa. Surayya ta ce ba za ta hau jirgi ta bar Yaya a bakin teku ba. Khaulah ba ta ma fito daga ɗaki ba. Sauran samarin suka ce ai ba a yi haka ba, tare aka zo. Alkasim bai roƙi kowa ba. Ya ɗauki wasu 'yan Koriya biyu da Madam ta haɗa shi da su, suka fita. Muna zaune a kan yashi suka dawo suna ihun murna, suna nuna wa juna faɗin kifin da suka gani da hannu. Har muka iso Kuala Lumpur ba wanda ya yi masa magana, shi ma kujerar bayan bas ya zauna ya rufe fuska da hula.

Najib bai yi masa ƙarya ba, wannan zan faɗa. Abin da ya faru ya rubuta a zauren WhatsApp na ɗalibai, ya ce ga wanda ake kai wa ciniki yana zagin mutane a gaban iyalinsu. Maganar agogo ta zo a layi ɗaya, maganar zagi ta cika sauran. Waɗanda suka yi niyyar zuwa hutu mai zuwa duk suka janye. Wasu da ba su taɓa shiga ko tafkin wanka ba su suka fi kowa zafi, kowa ya tuno ranar da ya gaishe shi ya sha kunya.

Madam ba muguwa ba ce. Ta kira Dakta Al-Amin ta ce takardar Alkasim ta kusa ƙarewa, ita kuma ba ta da hujjar sabunta ta in shagon babu ɗan Afirka ko ɗaya. In ya shirya da mutanensa, ta sabunta. Dakta ya sa ranar sulhu, Lahadi bayan la'asar, a mamak ɗin da muke taruwa, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gidajenmu.

Aka haɗa tebura. Mu mata muna can gefe. Alkasim ya zo cikin kaftani da hula, ban taɓa ganinsa da su ba, kaftanin ma da alamar ninki kamar daga ƙasan akwati ya fito. Ganin haka na ce a raina ya zo da niyyar ya sauko.

Dakta ya yi addu'a, ya ce mu baƙi ne a ƙasar mutane, bai kamata a ji kanmu ba. Ya ce Najib ya yarda a wuce wurin in an yi abu biyu: a janye kalmar nan, kuma a kai su inda aka yi alkawari.

"Na ɗaga murya a gaban mata," in ji Alkasim, yana kallon kofin shayinsa. "Na sa yarinya kuka. Ban kyauta ba. Surayya, ki yi haƙuri."

Aka fara cewa madalla, madalla. Dakta ya ce, "To saura kalmar, Malam Alkasim."

"Zan janye, Dakta. Abu ɗaya nake so." Ya juya ga Najib. "Mun koma ruwa. Iskarka ta yi ƙasa, Khaulah tana kallonka. Me za ka nuna mini?"

"Ba jarrabawa na zo ba."

"Ba jarrabawa ba ce. Ɗaga hannunka ka nuna, a nan. Ka yi, in janye, in ba ka haƙuri a tsaye, mu tafi ran da wata ya yi daidai."

Duk aka juya ana kallon Najib. Dunƙule hannu ne kawai a ɗora a ƙirji. Na ga hannunsa na dama ya ɗan motsa a kan tebur. Sai wani daga cikin samarin ya yi 'yar dariya, ya ce, "Oga, buga ƙirji mana mu tafi makan, yunwa muke ji." Najib ya naɗe hannuwansa.

"Ni zan yi maka wasan biri a mamak? Kai wane ne? Wanda ko digiri bai gama ba."

"Najib, kai ma ka bari," in ji Dakta. "Malam Alkasim, ai ya fahimta. Ba sai an ƙure shi a gaban jama'a ba. Namiji ne, ka bar masa mutuncinsa."

"A ƙasan ruwa ma jama'a ce, Dakta. In bai iya a nan da yake shaƙar iskar Allah kyauta ba, can ba zai iya ba."

"Abincinka fa ake magana."

"Na sani."

"To ka janye kawai. Kalma ce."

Alkasim ya cire hular ya riƙe a hannu. "Tana nan inda na ajiye ta," ya ce. Ya tashi ya fita, bai taɓa shayin ba. Wani ya bi shi da tsaki, wani ya ce dama tarwaɗa ba ta riƙuwa.

Bayan 'yan makonni Najib ya samu wani shagon nutso a Bukit Bintang da ba ya yawan tambaya. Suka je Tenggol ɗin, suka yi abin da suke so, suka dawo lafiya. Bidiyon ya yi kyau ƙwarai, an yi ta yaɗa shi, ana cewa ga shi nan ba abin da ya faru. Surayya ba ta je ba, ta ce kunnenta na ciwo. Har yau tana cewa ba ta yafe wa Alkasim ba, kuma ba ta sake shiga teku ba.

Madam ta bar shi ya ƙarasa kakar nutson da 'yan Koriya da Larabawa. Da ruwan sama na ƙarshen shekara ya sauka aka rufe tsibiran gabas, takardarsa ta ƙare. Ranarsa ta ƙarshe na shiga shagon mayar da wani gilashin fuska da na ara. Yana bayan shago yana wanke riguna, wani saurayi Bamalaye mai fara'a yana tsaye inda ya saba tsayawa. Na ce masa na ji zai tafi. Ya ce Legas za shi, an samar masa aikin kankare gindin jiragen ruwa a tashar Apapa, inda ruwa baƙi ne ba ka ganin hannunka. Ya karɓi gilashin ya juya shi, ya ce ban wanke gishirin da kyau ba, robar za ta tsage.

A Setapak in mutum zai tafi gida ba ya rasa kaya. Ko wanda ba kwa ga maciji da shi sai ya kawo maka turare ko mayafi ka kai wa mahaifiyarsa, har akwatinka ya wuce nauyi. Alkasim ba wanda ya ba shi saƙo. Dakta ne kaɗai ya kai shi filin jirgi, kuma da ya dawo ya ce tun daga Setapak har can faɗa suke a kan hanyar da ta fi kusa.